Tasirin Abokin Aiki wajen Kiwon Lafiyar Ma'aikata: Tsokaci kan Hanyoyin Magana a Izom da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Duk mai sana'a ko mai aikin albashi yakan shafe mafi yawan wuninsa ne a wurin aiki. A can yake cin abincin rana, a can yake shan shayi ko taba ko cin goro, kuma a can ne yake koyon abin da jama'a ke ɗauka gajiya ce ta gaskiya da abin da suke ɗauka ragwanci ne. Wannan ne ya sa hukumomi da kamfanoni a ƙasashe da dama suka ɓullo da shirye-shiryen kiwon lafiyar ma'aikata, wato tsare-tsaren da suka ƙunshi awon hawan jini da na suga, da motsa jiki, da gyaran cima, da taimaka wa masu son barin taba ko ƙwaya. Sai dai sau da yawa irin waɗannan shirye-shirye kan tsaya ne a takardar sanarwa da aka manna a bango, ko a laccar wuni ɗaya wadda da zarar an watse kowa ya koma gidan jiya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa shirin kiwon lafiya a wurin aiki yana kama ƙasa ne idan ya bi ta bakin abokin aiki, kuma Hausa tana da sanannun hanyoyin magana waɗanda abokan aiki ke juya junansu da su tun kafin zuwan aikin ofis. Hanyoyin da za a duba su ne gaisuwa, da zuga da kirari, da barkwanci, da nasiha. Za a ga cewa kowace daga cikinsu wuƙa ce mai baki biyu, domin yadda take iya kai mutum asibiti a kan lokaci haka take iya hana shi zuwa. An ɗauki garin Izom da kewayensa a matsayin fagen misali. Jimlolin da aka kawo kuwa irin maganganun yau da kullum ne da duk mai jin Hausa zai shaida.

2.0 Izom da Wuraren Aikinta

Izom gari ne a Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, cikin masarautar Suleja, a kan hanyar da ta tashi daga Suleja zuwa Minna, kusa da kogin Gurara. Yankin ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, tare da Koro da Fulani da Hausawa da sauran 'yan ƙasa da neman abinci ya kawo. Hausa ta daɗe da kafuwa a nan, domin bayan jihadi gidan sarautar Zazzau na Haɓe ya yiwo kudu, har Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan gari ne ya koma Suleja bayan da sabon babban birnin tarayya, wanda aka tsai da shawarar ginawa a 1976, ya karɓi sunan. Saboda haka Hausa ce harshen kasuwa da tasha da hirar ma'aikata a lokacin hutu, ko da yake takardun ofis da Ingilishi ake rubuta su. Ke nan sanarwar shirin lafiya takan zo da harshe ɗaya, amma hirar da za ta yanke hukuncin a je ko kada a je da wani harshen ake yin ta.

Za a iya kasa wuraren aiki na wannan yanki gida uku. Akwai na albashi, kamar makarantu, ciki har da Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Izom, da ɗakunan shan magani, da tashar tura mai da aka gina a kan bututun da ya taso daga Warri zuwa Kaduna. Akwai na bakin hanya, wato direbobi da 'yan kamasho da 'yan acaɓa da 'yan dako da kanikawa da masu faci. Sannan akwai gona, inda ake noman doya da dawa da masara da shinkafa.

Dokokin da suka shafi lafiyar ma'aikaci a Nijeriya, kamar Dokar Masana'antu ta 1987 da Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 da Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022, sun fi isa ga rukuni na farko. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 kuwa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar ba su cikin tsarin aikin hukuma ko na kamfani mai rajista. Ga ɗan dako ko leburan gona, babu sashen kula da jin daɗin ma'aikata da ya wuce mutumin da ke gefensa.

3.0 Abin da Bincike ya Gano

Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Masana biyu a Amurka, Nicholas Christakis da James Fowler, sun auna gaskiyar irin wannan magana ta hanyar bin bayanan mutane 12,067 na binciken zuciya na garin Framingham daga 1971 zuwa 2003. A sakamakon da suka fitar a 2007 sun nuna cewa idan abokin mutum ya yi ƙiba mai yawa, yiwuwar shi ma ya yi ta kan ƙaru da kashi 57 cikin ɗari. A 2008 kuma suka nuna cewa mutane ba su cika barin taba ɗaya-ɗaya ba, rukuni-rukuni suke bari. A ƙananan ma'aikatu, idan abokin aiki ya daina shan taba, yiwuwar mutum ya ci gaba da sha kan ragu da kashi 34 cikin ɗari.

Wasu masana sun soki wannan sakamako da cewa mai yiwuwa masu hali iri ɗaya ne ke neman juna tun farko. Bahaushe ma ya san wannan, shi ya sa ya ce sai hali ya zo ɗaya ake abota. Amma wannan suka ba ta da ƙarfi sosai a wurin aiki, domin mutum yakan zaɓi abokinsa, amma ba safai yake zaɓen wanda za a ajiye wa tebur kusa da nasa ko wanda za su bi layi ɗaya a tasha ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, an gwada shirye-shiryen da suka dogara ga sanarwa da ladan kuɗi ga kowane ma'aikaci shi kaɗai. Jami'ar Illinois ta yi irin wannan gwaji da ma'aikatanta kusan 5,000, aka fitar da sakamako a 2019. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a kuɗin magani ko fashin aiki tsakanin waɗanda aka gayyata cikin shirin da waɗanda ba a gayyata ba. Abin lura shi ne, waɗanda suka amsa gayyatar su ne dama masu lafiya da masu motsa jiki. Waɗanda aka yi shirin dominsu ba su zo ba.

Akwai gwaje-gwaje biyu da suka nuna abin da kan faru idan aka bi ta hannun wanda jama'a suka saba da shi. A birnin Los Anjalis, a wani gwaji da aka buga a 2018, an yi aiki da shagunan aski 52 na baƙaƙen fata. Masu aski suka riƙa kwaɗaita wa abokan cinikinsu masu hawan jini ganin masanin magunguna wanda ke zuwa shagon. Bayan wata shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da maki 27, alhali ta waɗanda aka bar su da shawarar ganin likita kawai ta sauka ne da kimanin maki 9. A Lusaka ta ƙasar Zambiya kuma, wani gwaji da aka buga a 2014 ya sa masu gyaran gashi sayar da kayan kariya daga cutar ƙanjamau. Waɗanda aka riƙa manna wa taurari a allon da kowa ke gani a shagonsu sun sayar da ninki biyu na abin da waɗanda aka ba ladan kuɗi suka sayar. Wato yabo a gaban jama'a ya fi 'yan kuɗi motsa su. Duk wanda ya san gayya ba zai yi mamakin wannan ba.

4.0 Hanyoyin Magana tsakanin Abokan Aiki

4.1 Gaisuwa

Gaisuwa ita ce magana ta farko da ke shiga tsakanin abokan aiki kowace safiya, kuma kusan dukkanta tambaya ce a kan lafiya. Sai dai amsoshinta a ƙayyade suke:

(1) Ina gajiya? Ba gajiya.
(2) Yaya aiki? Aiki da godiya.
(3) Yaya jiki? Da sauƙi.

Ladabin gaisuwa bai yarda mutum ya amsa da koke ba. Leburan da ya wuni yana kaftu zai ce ba gajiya, majinyacin da ke kwance rai a hannun Allah zai ce da sauƙi. Wannan al'ada tana da kyawunta, domin tana koyar da haƙuri da godiya, amma tana nufin cewa shugaban ma'aikata zai iya gaisawa da mutum shekara guda bai san yana fama da ciwo ba. Lamarin ya fi muni a cututtuka irin su hawan jini, wanda sau da yawa ba ya nuna alama har sai ya taɓa zuciya ko ƙoda ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki.

To, amma Hausa ta bar ƙofa a buɗe. Bayan an gama jerin gaisuwa, akwai tambaya ta biyu wadda ba kowa ke da ikon yin ta ba:

(4) Malam, tsakani da Allah, kwana biyun nan na ga kana yawan dafe kai. Lafiya kuwa?

Kalmar "kuwa" a nan ta fitar da tambayar daga sahun gaisuwa ta mai da ita tambaya ta haƙiƙa, rantsuwar da ta gabace ta kuma ta nemi a ajiye amsar al'ada. Wanda zai yi irin wannan tambaya sai wanda ya ga mutum jiya da shekaranjiya, ya kuma san yadda yake idan yana cikin hayyacinsa. A wurin aiki, wannan shi ne abokin tebur ko abokin layi ko abokin ciyayya. Shi ne mai awo na farko, tun kafin a ɗaura wa mutum na'ura a damtse.

4.2 Zuga da Kirari

Babu inda ƙarfin zuga ya fi fitowa fili kamar a gayya. Mai gona yakan gayyato samari, ya tanadi fura ko kunu da tuwo, makaɗa su zo da gangar noma, kowa ya kama kunyarsa. Makaɗi na kiran sunan wanda ya yi gaba yana yi masa kirari, 'yan mata na guɗa, na baya kuma ya ƙara ƙaimi don kada a yi masa dariya. A rubuce, kunyar gona da kunyar ido kalma ɗaya ce, kuma a ranar gayya dukkansu biyu suna aiki tare. M. G. Smith a nazarinsa na tattalin arzikin Hausawan Zazzau na 1955, da Polly Hill a nazarinta na Ɓatagarawa na 1972, duk sun yi bayanin wannan aikin taimakon juna. Makaɗa irin su Ɗan Anace sun yi suna da waƙoƙin manoma da na 'yan dambe, waɗanda jigonsu zuga ne. Gbagyi ma suna da nasu tsarin noman haɗin gwiwa, don haka al'adar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Izom.

Akwai abubuwa biyu a gayya da ya kamata mai tsara shirin lafiya ya lura da su. Na farko, ba a biyan gwarzon gayya da kuɗi, suna ne ladansa. Na biyu, wanda ya fitar da kunyarsa yakan juyo ya tari na baya, domin gonar ba ta ƙarewa sai kowa ya fita. Gasa ce wadda ƙarshenta taimako ne.

Sai dai zuga ba ta san alheri ko sharri ba, abin da aka ɗora ta a kai shi take turawa. A tasha da wurin gini da gonar ƙwadago ana jin irin waɗannan:

(5) Wane ai inji ne, bai san gajiya ba.
(6) Namijin duniya, Legas ya kwana, yau ga shi zai juya!

Wanda aka yi wa wannan kirari ya shiga tarko, domin gobe dole ya kare sunansa, na kusa da shi kuma dole ya kamo shi. Jiki kuwa yana da iyaka. A nan ne ƙwaya ke samun ƙofa, musamman tiramol, wadda asalinta maganin ciwo ce amma masu aikin ƙarfi ke sha don kada su ji gajiya. Yawan shan ta yana jawo kamu, wato mutum ya kasa aiki sai da ita, yana kuma iya kawo farfaɗiya. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu sun sha magunguna irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Doka tana iya toshe hanyar kaya, amma ba ta iya canza abin da ake yi wa kirari a tasha. Muddin wanda bai yi barci ba shi ne gwarzo, za a ci gaba da neman abin hana barci. Gyaran yana hannun masu kirarin, idan suka mai da yabonsu ga direban da ya shekara ashirin bai taɓa zubar da fasinja ba, suka kuma ambaci cewa sirrinsa shi ne yana tsayawa ya huta.

4.3 Barkwanci

Akwai gaskiyar da ba ta faɗuwa sai cikin wasa. Al'adar Hausa ta ware wasu mutane ta ba su izinin tsokanar juna ba tare da an yi fushi ba, kamar taubasai, da jika da kaka, da Kanawa da Zagezagi, da Katsinawa da Nufawa, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan wasa da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Gari irin Izom, inda aiki ya tara mutane daga sassa daban-daban, da wuya a rasa abokan wasa a ma'aikata ɗaya. Bakano zai iya ce wa Bazazzagi a gaban kowa:

(7) Kai Bazazzagi, wannan tumbi naka ya fara riga ka shiga ofis. In ka isa, gobe ka biyo ni a ƙasa har bakin kasuwa.

Da shugaban ma'aikata ne ya faɗi haka, da ya zama cin mutunci. Daga bakin abokin wasa kuwa, dariya za a yi, a mayar da martani, kuma mai yiwuwa gobe a yi tafiyar. Barkwanci ya isar da saƙo, ya kuma bar wa wanda aka faɗa wa mutuncinsa, tunda yana iya ɗaukar shawarar yana nuna kamar ƙalubale ya amsa.

Iyakar barkwanci ita ce, yana yin amfani ne a kan ɗabi'ar da mutum ke da ikon canzawa, kamar yawan suga a shayi ko hawa babur don tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Idan ya koma kan ciwon da ya riga ya kama mutum, ko kan rama ko rashin haihuwa ko taɓin hankali, ya tashi daga wasa ya zama zambo, kuma sakamakonsa shi ne mai ciwo ya ƙara ɓoye ciwonsa.

4.4 Nasiha da Zaɓen Wakilin Suna

A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wajen Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa kunya da mutunci cikin halayen da ake auna mutum da su. Waɗannan halaye biyu su ne ke tsara yadda ake ba da shawara a wurin aiki, kuma ana ganin aikinsu har a cikin nahawu. A dubi waɗannan jimloli:

(8) Je ka a auna jininka.
(9) A daure a riƙa zuwa awon jini.
(10) Zo mu je a auna mu, ni ma ban yi ba.

Jimla ta (8) umarni ce kai tsaye. Ta ware mutum ɗaya ta nuna shi a matsayin mai matsala, kuma ba ta halatta sai daga babba zuwa ƙarami. Jimla ta (9) ta yi amfani da wakilin suna "a", wanda ba ya nuna kowa. Ita ce siffar sanarwa da ta jawabin taro. Tana kare mutuncin kowa, amma saboda ba ta kama sunan kowa ba, kowa na iya ɗauka da wani ake. Jimla ta (10) ta yi amfani da "mu", ta sa mai magana cikin abin da yake kira a yi. Ba ta zargi kowa ba, ba ta kuma bar wa kowa mafaka ba, domin ga mai rakiya a tsaye. Wannan siffa ta uku abokin aiki kaɗai ke iya amfani da ita da gaske, tunda takarda ba ta raka mutum ko'ina.

Idan mai ba da shawara shi ne ƙarami, akwai wata dabara da ta fi wannan laushi, wato ya mai da kansa mai buƙata:

(11) Yaya, don Allah ki raka ni wajen masu awon nan, ba na son zuwa ni kaɗai.
(12) Maigida, an ce za a duba idon direbobi. In ka shige gaba, yara ba za su noƙe ba.

A (11) an roƙi rakiya, a (12) an roƙi jagoranci, amma a duka biyun abin da ake so shi ne babban ya je a duba shi. Ya tafi a matsayin mai yin alfarma, girmansa bai taɓu ba.

5.0 Ɗora Shirin Lafiya a kan Waɗannan Hanyoyi

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da wasu ka'idoji. Da farko, a nemi wanda ake jin maganarsa, wanda ba lalle ne ya zama mai muƙami ba. A ofis yana iya zama tsohon masinja ko uwar adashi, a tasha shugaban layi ko dattijon direba, a kasuwa sarkin pawa ko sarkin aska. Idan irin wannan mutum ya fara miƙa hannu aka auna shi a gaban jama'a, ya cire wa saura kunya. Tarihin Suleja yana da misalin yadda mutum ɗaya ke buɗe ƙofa, ko da yake ba a fagen lafiya ba. Cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a garin a farkon shekarun 1950 maza ne ke cikinta har Ladi Kwali ta shiga a 1954, daga baya wasu mata suka bi sawunta.

Na biyu, a jingina shirin ga taron da dama ana yin sa. Ranar zubin adashi ko taron ƙungiya ta riga ta tara mutane, kuma ƙungiyar da ke iya tara kuɗin biki tana iya sayen na'urar awon jini guda ɗaya. Masu ciyayya za su iya haɗa baki su roƙi mai abinci ta rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, abin da mutum ɗaya ba zai iya sa ta yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci a wuni ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ga ma'aikacin ofis, tafiyar rabin sa'a tare da abokai kwana biyar ta cika wannan adadi. Ga ɗan dako kuwa, abin da yake buƙata hutu ne da ruwan sha da rage nauyin kaya, don haka shiri ɗaya ba zai dace da rukunonin nan uku ba.

Na uku, a yi yabo a fili, a yi gyara a ɓoye. Ana iya yaba wa sashen da kowa ya je awo, amma sakamakon awon sirrin mai shi ne. Ranar da aka ji sakamakon wani a bakin masu gulma, ranar shirin ya mutu.

Na huɗu, a san cewa abokin aiki ba likita ba ne. Sanannen abu ne a ji wani ya ce wa ɗan'uwansa, "Karɓi wannan ka sha, shi ya yi mini aiki." Wannan ma tasirin abokin aiki ne, amma mai haɗari. Darasin shagunan askin Los Anjalis shi ne mai aski ya jawo mutum, masani ya ba da magani. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, aikin abokinsa shi ne ya raka shi asibiti, ya kuma riƙa tuna masa shan magani.

Daga ƙarshe, zumuncin ma'aikata ba ya ɗauke wa mai ma'aikata nauyin da ke kansa. Idan albashi ba ya zuwa a kan lokaci, ko mai mota ya ƙayyade wa direba kuɗin da ba zai samu ba sai ya kwana a hanya, to nasihar abokai ba za ta yi nisa ba. A irin wannan hali, amfanin haɗin kan abokan aiki shi ne su kai kuka da murya ɗaya, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa nasarar shirin kiwon lafiya a wurin aiki ta rataya ne a kan maganganun da ke gudana tsakanin ma'aikata bayan an karanta sanarwa. An ga yadda gaisuwa ke rufe ciwo da yadda tambaya ta biyu ke buɗe shi, da yadda zuga ke fitar da kunyar gona take kuma iya tura matashi ga ƙwaya, da yadda barkwanci ke isar da gaskiya mai ɗaci, da kuma bambancin da ke tsakanin "je ka" da "a je" da "mu je". Akwai buƙatar masu nazarin harshe su shiga tashoshi da kasuwanni da ofisoshin garuruwa irin su Izom da Lambata da Suleja su tattara waɗannan maganganu yadda ake yin su, har da takwarorinsu na harshen Gbagyi, domin ma'aikatan lafiya su san kalmomin da za su ɗora saƙonsu a kai. Rigakafi dai ya fi magani, kuma a wurin aiki, mai kai mutum ga rigakafi shi ne wanda suke wuni tare.